KAFIN KA ZARGI REZO, ƘIDAYA KAYANKA ZANGO ZANGO

 

Da yawa daga cikin wasiƙun da ke iso mana a ƴan watannin nan kuka guda suke yi. Mutum ya sayi akwatin intanet ya kafa a gida ko a shago, ya biya forfe na wata, ya duba salula ya ga sandunan rezo sun cika, amma in ya kira ɗan'uwansa sai murya ta riƙa tsinkewa kamar mai magana cikin guguwa, in kuwa takarda zai aika biro sai ta tsaya a tsakiyar hanya. Wasu sun canja kamfani, wasu sun canja akwati, wasu sun ƙara kuɗin forfe, ciwon kuma yana nan inda yake. Yau wannan kuka za mu ɗauka, kuma za mu fara da abin da na gani da idona a Korahane, cikin gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi.

A bazarar da ta wuce zumunci ya kai ni garin, na sauka gidan wani Alhaji mai sayen wake da hatsi a kasuwannin ƙauye, yana tarawa tiya tiya har ya cika buhuna, sannan ya kai Maraɗi. Tsakaninsa da masu sayen kayansa akwai tafiyar sama da kilomita 100, saboda haka duk cinikinsa a bakin salula yake ƙulluwa. Don ya huta da hawa tudu neman rezo, sai ya sayi akwati mai cin layin salula, ya sa aka kafa masa dogon ƙarfe a tsakar gida, aka ɗaura eriya a bisa, waya ta sauko daga eriyar ta bi ta taga zuwa akwatin a cikin ɗaki. Shekara guda abin yana tafiya lafiya lau, daga baya ya fara ciwo.

Wata rana dillalinsa ya kira shi daga Maraɗi ta WhatsApp ya ce masa: "Alhaji, kada ka aiko da waken makon nan, kasuwa ta cika." Abin da ya iso kunnen Alhaji shi ne: "Alhaji, ka aiko da waken makon nan, kasuwa ta cika." Kalma guda ce ta faɗi a hanya. Alhaji ya ɗauka masu saye ne suka cika kasuwa, alhali wake ne ya cika ta. Ya yi hayar babbar mota, ya biya masu lodi, kaya suka isa suka tarar farashi ya faɗi, ya sayar da hasara. Abin da ya fi hasarar kuɗin muni shi ne, shi da dillalin nan da suka shekara da shekaru suna hulɗa sun yi sati biyu ba su ga maciji, kowa yana riƙe da ɗan'uwansa a matsayin maƙaryaci.

Da na iso na tarar da shi yana shirin jefar da akwatin ya sayi na wani kamfani. Na ce masa: "Alhaji, in ka aika buhu ɗari Maraɗi, casa'in suka isa, direba za ka fara kamawa?" Ya ce: "A'a Malam, sai na ƙidaya abin da ya fita daga sitona tukuna, in tambayi masu lodi, in tambayi inda aka sauke a Dakwaro, sannan in zo kan direba." Na ce to haka za mu yi da akwatin nan, domin ruwa ba ya tsami banza.

YADDA SAƘO KE TAFIYA

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa intanet ba ta ɗaukar saƙo ɗungurungum. Ko murya ce, ko hoto, ko takardar biro, na'ura tana yanka shi ƙanana ƙanana, ta ɗaure kowane yanki cikin ƙunshi, ta rubuta masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ta sake shi a hanya. Ƙunshi guda bai cika wuce abin da zai ɗauki haruffa 1500 ba, don haka hoto guda mai nauyin mega 3 yana tafiya ne cikin ƙunshi kimanin 2000. Wani masani ɗan Birtaniya, Donald Davies, shi ne ya raɗa wa ƙunshin suna a tsakiyar shekarun 1960, bayan Paul Baran na Amurka ya riga ya yi tunani irin nasa.

Waɗannan ƙunshi suna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ayarin gishiri ke bin zango zango daga Bilma zuwa ƙasar Hausa, kuma a kowane zango ana iya rasa wani abu. In hanya ta lalace, ƙunshi ya iso a gurɓace, na'ura ta zubar da shi. In zango ya cika babu wurin ajiya, wanda ya zo daga baya a zubar da shi. Wannan shi ne abin da masu faransanci ke kira perte de paquets, mu kuma a wannan fili za mu ce zubewar ƙunshi.

Zubewar tana nuna kanta ta fuska biyu. Takarda da hoto da shafin karatu suna bin wata ƙa'ida mai suna TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka fito da tsarinta a 1974. A wannan ƙa'ida kowane yanki yana da lambar jeri, mai karɓa yana ƙidaya, in ya ga giɓi a sake aiko masa, mai aikawa kuma da ya ga an yi rashi sai ya rage gudu sosai don kada ya ƙara cunkushe hanya. Saboda haka takarda takan isa cikakkiya, sai dai ta yi nawa. Ita kuwa magana ta kai tsaye ba ta da lokacin jira, abin da ya zube ya zube ke nan. In ƙunshi ƴan kaɗan suka zube a jere, kalma ta tafi. Ta haka "kada" ta ɓata tsakanin Maraɗi da Korahane.

Su kuma sandunan da ke bisa fuskar salula, ƙarfin muryar antan kawai suke nunawa, ba su faɗin ko ana fahimtar abin da take cewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakiyar kasuwar dabbobi ya san ana iya jin ƙara mai yawa ba a fahimci kalma guda ba.

MA'AUNI

Ma'aunin da ake ƙidaya ƙunshi da shi kyauta ne, sunansa ping. Wani injiniya ɗan Amurka, Mike Muuss, ya rubuta shi a watan Disamba na 1983, ya sa masa sunan ƙarar da jirgin ƙarƙashin teku ke jefawa cikin ruwa yana sauraren dawowarta. Aikinsa shi ne ya aika ƙaramin ƙunshi zuwa adireshin da ka ba shi, ya jira amsa, ya faɗa maka nawa suka tafi, nawa suka dawo, da tsawon lokacin da kowane ya ɗauka. Mai kwamfuta ta Windows ya buɗe invite de commandes, ya rubuta ping -n 100, ya bar fili, ya sa adireshin. Bayan kamar minti biyu zai ga kalmomi uku a ƙasa: envoyés, reçus, perdus. Mai salula kaɗai kuma zai samu ƙananan manhajoji na kyauta masu wannan suna, aikinsu ɗaya ne.

Sharuɗɗan aikin uku ne. A fara daga kusa a tafi nesa. A canja abu guda kawai kafin a sake awo, domin wanda ya canja abu uku lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Kuma a rubuta kowane awo a kaye tare da rana da lokaci.

ZANGO NA FARKO: DAGA SALULA ZUWA AKWATI

Akwatin da ke ɗakinka yana da nasa adireshi, galibi an buga shi a takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, irin su 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. In ka auna wannan adireshi, ƙunshin bai fita daga gidanka ba, bai ci forfe ba, kuma kamfani ba shi da hannu a ciki. A nan bai kamata a rasa ko guda ba.

A gidan Alhaji mun fara daga zaure, inda yake zama yana ciniki. Muka aika 100, 93 suka dawo. Muka shiga ɗaki muka tsaya gefen akwatin, muka aika 100, duka suka dawo. Tsakanin zauren da ɗakin akwai katangar ƙasa biyu da ƙofar kwano guda, ita kuwa wifi ba ta son katanga mai kauri, ƙarfe kuma yana tare ta. Da muka buɗe shafin akwatin don ganin masu amfani da shi, sai ga salula 14, alhali na gidan biyar ne. Kalmar sirrin ta zaga unguwa daga bakin yara zuwa bakin yara. Aka canja ta, aka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa aka sa shi bisa, kusa da ƙofar da ke kallon zaure.

Wanda akwatinsa ke da tasha biyu ya sani cewa ta 2,4 ta fi nisan zango da ratsa katanga, ta 5 kuma ta fi gudu amma sai a kusa. Mai aikin biro da kwamfuta kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya jona ta da akwatin da waya kai tsaye, domin irin wannan waya tana iya kai mita 100 ba ta zubar da komai ba.

ZANGO NA BIYU: AKWATIN DA WAYARSA

Bayan gida ya tsarkaka sai a leƙa waje. Adireshin da aka fi aunawa shi ne 8.8.8.8, wata na'ura ce ta kamfanin Google wadda ke amsa wa kowa. Muka tsaya gefen akwatin muka auna da rana, 100 suka tafi, 88 suka dawo. Muka sake bayan sallar asuba, lokacin da yawancin gari ba su taɓa salula ba, lissafin bai canja ba. A nan akwai ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe: zubewar da ba ta san dare ba, ba ta san rana ba, galibi ciwon kayan aiki ce, wadda ke zuwa da lokaci ta tafi da lokaci, galibi cunkoso ce.

Don mu raba tsakanin laifin gida da na kamfani, muka cire layin daga akwatin muka sa a salula, muka fita bayan gari muka hau tudun da Alhaji ke hawa a da, muka auna. Duka suka dawo ban da guda. Layi ɗaya, antan ɗaya, sa'a ɗaya. Ke nan abin da ke cin kayan yana tsakanin eriya da akwati.

Ɗan Alhaji, wanda ke karatu a lise, ya kawo tsani ya hau. Daga bisa ya ce: "Baba, bakin wayar ya yi tsatsa, rana kuma ta fasa bawonta." Ruwan damina biyu ya bi ta tsagar ya shiga ciki, iska ta karkatar da eriyar daga fuskantar antan, a ƙasa kuma ƙarfen taga ya matse wayar har ta lanƙwashe. Ban da wannan, mai kafawa ya bar ragowar waya mai tsawo a naɗe bayan ƙofa, alhali irin wannan waya ta eriya kowace mita tata tana cin wani abu daga ƙarfin da eriyar ta kamo. Aka yanke ruɓaɓɓen wurin da ragowar, aka sa sabon baki, aka naɗe shi da roba mai hana ruwa, aka bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwan sama ya ɗiga a waje, aka mai da eriyar saitinta kaɗan kaɗan ana awo.

Sauran abu biyu da muka gyara su ne zafi da wuta. Akwatin yana zaune ne ƙarƙashin rufin kwano, an lulluɓe shi da zane don gudun ƙura. Yawancin waɗannan akwatuna an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma kowa ya san watan Afrilu da Mayu a ƙasar Dakwaro. Akwatin da ya yi zafi yakan rage aiki ko ya mutu ya tashi da kansa. A cire masa zane, a bar iska ta ratsa shi, a riƙa busa masa ƙura. Game da wuta kuwa, akwatin yana buƙatar abin da aka rubuta a jikinsa, galibi bolt 12. In batirin pano ya yi sanyi cikin dare, ko an sa masa cajar aro wadda ba tasa ba, fitilunsa za su kasance a kunne amma aikinsa na tangal-tangal.

Ma'aikatanmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai waɗanda waya ke shigo musu gida daga titi, wannan zango nasu ne su ma. Mai tsohuwar wayar tagulla ta talho ya ɗaga kan talhon ya saurara, in ya ji ƙaraf-ƙaraf to layin yana da jiƙa ko sako-sako a wani wuri. Mai wayar gilashi ya duba fitilar da aka rubuta wa LOS, in ta yi ja haske ba ya isowa. Kada ya lanƙwasa wayar sosai, kada ya taka ta da ƙafar kujera, kada kuma ya leƙa bakinta da ido. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar bisa izini a watan Maris na 2025, su tuna farantinsu yana magana ne da taurarin ɗan Adam masu gudu a tsawon kimanin kilomita 550, saboda haka reshen bedi guda da ya tare sama ya isa ya riƙa tsinka magana lokaci lokaci, haka ma ruwan sama mai ƙarfi.

ZANGO NA UKU: DAGA GIDA ZUWA ANTAN

Bayan gyara, awon asuba ya koma 100 cikin 100, na azahar 99. Amma bayan sallar isha'i sai lissafi ya sake faɗuwa zuwa casa'in da ƴan kai, haka ma ranar kasuwa. Wannan shi ne cunkoso. Antan kamar rijiyar makiyaya ce a rani: ruwan da ke cikinta ƙayyadadde ne, bakinta guda, in garke goma suka iso lokaci ɗaya sai kowa ya jira, wani ma ya juya bai sha ba.

Ciwon ba sabo ba ne, kuma bai san ƙasa mai arziki ba. A watan Oktoba na 1986, a Kalifoniya ta Amurka, hanyar da ke haɗa wata cibiyar bincike da jami'ar Berkeley, wadda tsawonta bai kai mita 400 ba, ta faɗi daga ɗaukar ɗigo 32.000 a daƙiƙa zuwa ɗigo 40 kacal, domin kowace na'ura da ta rasa ƙunshi sai ta sake jefa shi cikin hanyar da ta riga ta toshe. Wani masani mai suna Van Jacobson ne ya fito da maganin a 1988, wato rage gudun nan da muka ambata a sama.

Kafin a ɗora wa antan laifin cunkoso, a tabbata ba daga gida ya taso ba. Salula guda da ke tura bidiyon biki, ko kwamfuta da ke sabunta kanta a ɓoye, ta isa ta cika ƙofar fita ta gidan duka. A kashe wifi na kowa ban da mai awo, a sake aunawa. In zubewar ta tsaya, to laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani. In ba ta tsaya ba, an zo kan kamfani ke nan. Haka kuma a lura ko zubewar tana zuwa ne tare da ɗaukewar kuran, domin antan ma da wuta take aiki. Ba mu manta ba da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa Maris na 2024, na'urorin da ke dogara da kuran sau da yawa sai da gurup ko batir.

Mai gida ba zai iya faɗaɗa antan ba, amma yana iya kauce wa cunkoso. Ma'aikacin da zai aika rahoton wata, malamin makaranta ne ko na asibiti ko sakataren ƙaramar hukuma, ya aika bayan asuba. Ɗan kasuwa kuma, in magana ta shafi farashi, ko adadi, ko "aiko" da "kada ka aiko", ya sa a rubuta masa, ko a yi masa saƙon murya na naɗi. Saƙon naɗi yana bin hanyar ƙidaya irin ta takarda: ko ya iso cikakke, ko ya tsaya yana jira, amma ba ya isowa da giɓi.

ZANGO NA HUƊU: HANYAR TEKU

Akwai wani ma'auni na biyu, wanda shi Van Jacobson ɗin ya rubuta a 1987. A Windows ana kiransa da tracert, sai adireshi. Shi yana jero maka zangunan da ƙunshinka ya bi ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da ya ɗauka zuwa kowane. Sai dai a yi hattara da karatunsa. Wasu na'urorin tsakiyar hanya ba su damu da amsa tambaya ba, aikin wuce da kaya ne a gabansu, don haka za ka ga taurari a layinsu alhali kayanka sun wuce lafiya. Zubewar gaskiya ita ce wadda ta fara daga wani zango ta bi duk na bayansa har ƙarshe.

Nijar ba ta da bakin teku, manyan wayoyin duniya kuwa a ƙarƙashin teku suke. Saƙonmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai inda wayoyin ke fitowa, kamar Kwatano da Legas. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahala, har da tamu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana babu laifin akwatinka, babu na antan ɗin garinku. Wanda ya ga kowa a gari yana kuka, mai wannan kamfani da mai wancan, ya buɗe rediyo ya saurari labarai kafin ya kashe ko dala. Wannan ne ma ya sa aikin shimfiɗa wayar gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa don haɗa Nijar da Aljeriya, Cadi da sauran maƙwabta, yake da muhimmanci: gida mai ƙofa da yawa ba ya rufuwa don ɗaya ta toshe.

KAYE DA BIK

Wanda ya je wurin kamfani ya ce "rezo ba shi da kyau", amsar da zai samu ita ce ya kashe akwati ya kunna. Wanda ya je da kaye, magana ta canja. A ja layi shida: rana, lokaci, adireshin da aka auna, nawa suka tafi, nawa suka dawo, da abin da ake ciki, wato ko ana ruwa, ko ranar kasuwa ce, ko kuran ya ɗauke. A yi haka sau uku a yini har sati guda. A rubuta a sama cewa an auna akwati ba a rasa komai ba, an kuma gwada layin a wata na'ura. Ma'aikatan wannan fanni sun san cewa rasa ɗaya cikin ɗari kunne ba ya cika kamawa, amma in an kai biyar magana ta fara lalacewa, saboda haka takardar da ke nuna goma kowane dare ba abin musu ba ce. Gani ya kori ji.

A kai wa kamfani, a nemi shaidar an karɓi kukan. In maƙwabta biyar suka yi awo iri ɗaya suka haɗa takardunsu, magajin gari ya sa hannu, nauyin ya fi na mutum guda. In kamfani ya yi shiru, akwai hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 don sa ido kan kamfanonin sadarwa da gidan waya, kuma a 2023 ta ci tarar kamfanonin salula na ƙasar saboda rashin ingancin aiki. Hukuma kuwa da hujja take aiki, mu ne za mu kai mata.

Akwai gargaɗi guda da ba zan rufe ba sai na yi shi, domin ya shafi aljihu kai tsaye. In kana aika kuɗi ta salula, ka danna, fuskar ta tsaya tana juyi ba ta ce komai ba, kada ka sake dannawa. Mai yiwuwa ne umarninka ya isa, kuɗin sun tafi, amsar ce kawai ta zube a hanyar dawowa. Ka jira saƙon tabbaci, ka duba abin da ya rage a asusunka, ko ka kira wanda ka aika wa. Mutane da yawa sun biya bashi guda sau biyu ta wannan hanya, karɓo na biyun kuwa sai da jeka-ka-dawo.

Shi Alhajinmu na Korahane, abin da ya kashe a bakin waya da roba bai kai rubu'in kuɗin sabon akwati ba. Da ya gane inda "kada" ta faɗi, shi da kansa ya shiga mota ya tafi Maraɗi ya ba dillalinsa haƙuri, suka kuma yi yarjejeniya cewa daga ranar duk maganar lodi a rubuce za ta zo. Cunkoson bayan isha'i yana nan, kayen yana hannun ɗansa, an cika shafi uku, ana jiran na maƙwabta.

Masu aiko mana da wasiƙa kan wannan matsala, muna roƙon ku haɗo da lissafinku na zango na farko da na biyu, da lokacin da kuka yi awon, don mu san ta inda za mu ba ku shawara. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mu da hasara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.